Kwafi Huɗu da Suka Rage a Bungudu

Litinin, 26 ga Agusta, 5:40 na yamma

Na buɗe wannan littafi ne domin tarihi, saboda aikin da na kammala yau ba irin wanda ake bari a bakin mutane ba ne. Ni Abdulaziz, wanda wata bakwai kacal ke nan da ɗaukarsa jami'in fasaha a asibitin Dakta Hanatu, na ceto bayanan majinyata dubu goma sha ɗaya daga hallaka, ni kaɗai, ba tare da agajin kowa ba.

Asibitinmu rassa uku gare shi: Gusau, Tsafe, Bungudu. Tun ranar Larabar makon jiya sun koma biyu. Ba zan rubuta abin da ya faru a Tsafe ba, domin ba fannina ba ne. Abin da ya shafe ni shi ne ɗakin kati na can babu shi, ko takarda ɗaya ba ta fita ba. Sabar reshen kuwa, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tarihin kowane majinyaci, an kawo ta ranar Asabar a bayan mota, lulluɓe da bargon asibiti, gefenta a lotse, tana warin hayaƙi.

Na zuƙe duk abin da ke cikinta zuwa sabar Gusau. Ban tsaya nan ba. Na tarar da rajistar Tsafe cike da maimaici mai ban takaici: suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, an buɗe masa fayil biyu, uku, har huɗu. Wannan sakaci ne na ma'aikatan da ba su san ƙa'idar adana bayanai ba. Na rubuta umarni guda, na haɗe duk fayilolin da suna da ranar haihuwarsu suka dace. Fayil dubu ɗaya da tamanin suka koma ɗari huɗu da goma sha biyu. Sannan na goge ɗanyen kwafin da na fara zuƙowa, domin tsafta da samun fili.

Madam Marta, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana bayar da kati a Tsafe, yanzu an aje mata tebur kusa da nawa. Na nuna mata adadin. Ta dube shi, ta ce, "Sannu, Injiniya." Ba ta cika magana ba tun da ta dawo. Idan babur ya wuce da ƙarfi sai ta aje biro.

Komai na tafiya bisa tsari.

Talata, 27 ga Agusta, 10:05 na safe

Faifan tsohuwar sabar Tsafe ya yi ƙaf-ƙaf sau uku ya mutu. Da na yi jinkirin kwana ɗaya, da an rasa komai. Wannan shi ake kira hangen nesa.

Alhamis, 29 ga Agusta, 3:20 na rana

Wata 'yar mas'ala ta kunno kai. Muna da saba ta uku a reshen Bungudu, wadda aikinta ɗaya ne: kullum ƙarfe biyu na rana takan ɗauki kwafin bayananmu ta adana, ta aiko mini da saƙo a waya. Kore, an yi nasara. Ja, an kasa. Tun ranar Larabar nan saƙon ja ne. Kwana tara babu sabon kwafi.

Dakta ta tambaye ni a baranda ko muna da ajiya idan wani abu ya sake faruwa. Ta faɗi "wani abu" tana kallon ƙofar gida. Na tabbatar mata cewa al'amarin na ƙarƙashin cikakken nazari.

Juma'a, 30 ga Agusta, 4:30 na yamma

Na gano bakin zaren. Sabar Bungudu na ta ƙwanƙwasa tsohon adireshin Tsafe, inda babu mai amsawa. Na shiga daga nan ofis na sauya mata adireshi. Ƙarfe biyu ta yi. Ja.

Na sauya mabuɗin sirri, na tilasta mata ta sake gwadawa. Ja.

Na karanta rajistar kurakurai layi-layi. Ta ce takardar shaidar Gusau "ba ta fara aiki ba tukuna". Wannan magana ba ta da ma'ana a hankalce, domin ni na samar da takardar da hannuna kwana huɗu da suka wuce. Na'ura ba ta ƙarya, amma a yau ta yi kusa.

Litinin, 2 ga Satumba, 12:15 na rana

Agogo ne. Kwana uku na ɓata a kan agogo.

Sabar Bungudu ta ɗauka muna watan Janairun shekarar 2012. Ƙaramin batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu, don haka duk sa'ad da aka kashe ta aka kunna sai ta koma shekarun baya, ta ga takardar shaidata tamkar wasiƙa daga zamanin da bai zo ba. Tambayar ita ce: wane ne ke kashe na'urar da aka yi domin kada ta mutu?

Na buga wa Malam Mas'udu, dattijon da ke kula da reshen Bungudu. Ya ce, "Awo, ni ka kashe ta. In hadari ya rufe rana, sola ba ta ɗaukar firjin rigakafi da akwatinka tare. Ɗaya za ya haƙura."

Na yi masa bayanin muhimmancin ci gaban aiki ba tare da yankewa ba. Ya ce ruwa na zuba, ba ya jina sosai.

Talata, 3 ga Satumba, 6:10 na yamma

Na je Bungudu a motar asibiti, da izinin Dakta, domin tun bayan Tsafe babu ma'aikacin da ke fita gari sai ta sani. Direba bai kunna rediyo ba har muka isa.

Na sauya batiri, na daidaita lokaci, na ware wa sabar layinta daga inbata, na'urar da ke raba wutar sola. Na kuma inganta kwafin: a da rubutu kawai yake ɗauka, yanzu har da hotunan gwaje-gwaje. Daga nan na rufe ƙofar shiga daga nesa gaba ɗaya. Kwamfutar hannu ta ofishin Tsafe, mai ɗauke da kalmomin sirrinmu, ba ta cikin kayan da suka dawo. Daga yau duk mai son ba wannan saba umarni sai ya zauna gabanta.

Na manna sanarwa a ƙofar ɗakin, wadda na tsara na kai wa Dakta ta sa hannu tun da safe:

"An haramta wa kowane mahaluki, komai girman matsayinsa ko ƙarfin hujjarsa, buɗe wannan ɗaki, ko taɓa na'urar da ke cikinsa, ko yanke mata wuta, face da sahalewar Shugabar Asibiti kai tsaye."

Malam Mas'udu ya sa tabarau ya karanta sau biyu, a hankali, a gaban ma'aikatansa mata biyu. Ya ce, "Mahaluki. To, madalla." Ya kulle ɗakin ya jefa makulli a aljihun gaba.

Ina ganin ya fahimci darasin.

Laraba, 4 ga Satumba, 2:25 na rana

Kore. Komai na tafiya bisa tsari.

Alhamis, 5 ga Satumba, 1:10 na rana

Madam Marta ta kira ni teburinta. Gabanta wata mata ce mai tsohon ciki, daga Bilbis, ta zo da ƙyar a motar kasuwa tunda reshen da ta saba zuwa ba ya nan. Sunanta Hafsatu Lawali.

Madam ta juyo mini da fuskar kwamfuta. "Injiniya, karanta mini."

Na karanta. Haihuwa tara. An taɓa yi mata aiki sau biyu. Tana shan maganin hawan jini. Ta zo awo ranar ɗaya ga wata a Tsafe, ta kuma haihu ranar huɗu ga watan.

Matar ta ce, "Ni ɗiya biyu gare ni, wanga na ukku. Ba a taɓa yanka ni ba."

Na ce mai yiwuwa kuskuren nuni ne na wucin gadi. Madam Marta ta sallami matar zuwa wurin awo, sannan ta ja kujerarta kusa da tawa, ta yi ƙasa da murya.

"Hafsatu Lawali uku ne a Tsafe. Wannan ta Bilbis. Akwai ta bayan tasha, mai hawan jini. Akwai doguwa, matar mai gyaran keke."

Na ce ba zai yiwu a ilmance mutum uku su haɗa suna da ranar haihuwa ba.

Ta ce, "Ranar haihuwa? Ka taɓa tambayar matar ƙauye ranar da aka haife ta? Za ta ce maka shekarar da aka yi fari, ko shekarar da yayanta ya yi aure. Kwamfuta kuma ba ta yarda a bar gurbin. Sai mu dubi fuska, mu ƙiyasta shekara, mu sa ɗaya ga Janairu. Rabin Tsafe ɗaya ga Janairu aka haife su. Da unguwa da sunan miji muke rabe su." Ta dube ni. "Ina layin unguwa da sunan miji?"

Idan aka haɗe fayiloli, umarnina yakan riƙe bayanin wanda ya fi sabunta, ya zubar da na sauran.

Ban faɗa mata haka ba. Na ce zan bincika.

Alhamis, 5 ga Satumba, 6:50 na yamma

Ɗari huɗu da goma sha biyu.

Juma'a, 6 ga Satumba, 4:45 na yamma

An kwantar da Hafsatu ta Bilbis. Ɗan ya kwanta a gicciye, Dakta ta sa ranar aiki: Litinin, ƙarfe tara na safe.

Wajen tambayoyi matar ta ce shekarar da ta haifi na biyu an yi mata wata allura a Tsafe, jikinta ya kumbura, numfashi ya ɗauke, da ƙyar aka dawo da ita. Ba ta san sunan allurar ba. Ta ce, "Malam Kabiru ya ce ya rubuta a kwamfuta da jan rubutu, kar in damu, duk inda na je za a gani."

Kabiru shi ne nas ɗin Tsafe. Ba a iya tambayar Kabiru yanzu, bai fito daga ginin ba ranar Larabar nan.

A fayil ɗin, gurbin maganin da jiki ba ya karɓa ya ce: babu. Wannan amsar ta matar mai gyaran keke ce, ko ta mai hawan jini.

Dakta ta kira ni ofis. Ta ce, "Abdulaziz, ina buƙatar sunan allurar nan kafin Litinin. Zan iya kauce wa wadda nake zargi, amma idan zargina bai faɗa daidai ba, a kan tebur zan sani. Me ya sami fayil ɗinta?"

Na ba ta bayani mai gamsarwa dangane da illar zafi da girgiza ga faifan adana bayanai. Ta runtse ido da na ambaci zafi. Ta ce, "Allah Ya isa," ba da ni take ba.

Madam Marta na tsaye bakin ƙofa da kati a hannu. Da muka fito ta ce, "Wuta ba ta san Hafsatu uku ba, Injiniya." Ta sayo littafin makaranta mai layi, duk wanda ya zo daga Tsafe tana yi masa tambayoyi daga farko tana rubutawa da hannu, ta kuma gaya wa nas-nas kada su dogara da kwamfuta. Ta ce ta ba ni zuwa Litinin ƙarfe bakwai. In ban faɗa wa Dakta ba, ita za ta faɗa.

Babu buƙatar hakan. A Bungudu akwai tsofaffin kwafi ashirin, duk na kafin ranar Larabar nan, kowace Hafsatu a fayil ɗinta. Zan ɗauko ɗaya, in gyara komai cikin natsuwa, magana ta mutu. Matsalar kawai ita ce ni na rufe ƙofar nesa.

Kore yau ma.

Asabar, 7 ga Satumba, 11:30 na safe

Na kai mataccen faifan Tsafe wurin wani mai gyara a Sabon Gari. Ya kara shi a kunne, ya girgiza, ya miƙo mini. Ya ce, "Oga, wannan sai dai addu'a."

Na nemi Dakta ta ba ni mota zuwa Bungudu domin duba lafiyar na'ura. Ta ce an bugo mata waya game da hanya, mota ba ta fita sai Talata. Ta ce, "Ba kore kake samu ba?" Na ce kore ne. Ta ce, "To me za ka je yi?"

Da na ce sunan allurar na can, da ta tambayi dalilin da ya sa na can ya bambanta da na nan, alhali na ce faifai ne ya ƙone. Da na iya amsa wannan ma. Amma tambaya ta uku fa?

Na ce babu gaggawa.

Asabar, 7 ga Satumba, 2:40 na rana

Yau na buɗe saƙon na karanta shi duka. Tun Laraba launinsa kawai nake kallo.

"An yi nasara. An goge tsofaffin kwafi 4 domin samar da fili. Tsofaffin da suka rage: 4."

Na koma na jiya. An goge huɗu, saura takwas. Na shekaranjiya, saura goma sha biyu. Sabon kwafin da na inganta da hotuna ya ninka tsoho sau huɗu, don haka kowace rana sabar na cinye kwafi huɗu masu lafiya ta aje ɗaya mai cuta. Kwanakin nan da take aiko ja, ita ce ke tsare mana gaskiya. Ni na je na gyara ta.

Na yi tunanin zare wayar sabar Gusau gobe kafin biyu. Ba zai yi amfani ba. Tsarin yakan share fili tukuna, sannan ya nemi sabon kwafi. Na san haka domin ni na rubuta shi haka, na kuma yi alfahari da shi.

Gobe ƙarfe biyu na rana.

Na buga wa Malam Mas'udu sau shida. Ba sabis.

Lahadi, 8 ga Satumba, 11:20 na safe, Bungudu

Na shigo motar haya ba tare da sanin kowa ba. A gida na ce wa Inna zan je ɗaurin aure Damba. Shingen bincike uku. A na biyu an sauke mu duka, an dube mu, an ce mu wuce.

Na sami Malam Mas'udu a barandar asibiti yana jera kwalaben magani a kwali. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Gusau ɗaya bayan ɗaya, har da direba. Na ce ina buƙatar makullin ɗakin saba na minti biyar.

Ya ce, "Ina takardar Dakta?"

Na ce, "Baba, ni ne jami'in fasaha."

"Na sani. Taho ka gani." Ya kai ni bakin ƙofar, ya sa tabarau, ya aza yatsa. "Kowane mahaluki. Kai mahaluki ne ko ba mahaluki ba?"

Na ce sanarwar ba ta shafi wanda ya tsara ta ba.

"Komai girman matsayinsa," ya ci gaba da bin layin da yatsa.

Na ce al'amarin na gaggawa ne, akwai hujja mai ƙarfi.

"Ko ƙarfin hujjarsa. Ka ga, ɗana, ba ka bar ko kafa ɗaya ba. Aikinka na da kyau."

Na ce to ya yanke wutar kawai, kamar yadda ya saba. Ya ce inbata na cikin ɗakin, kuma shi ya tuba da wannan tun ranar Talata, a gaban sa'annin ɗiyan cikinsa aka karanta masa laifinsa. Ya ce, "Shekara ashirin da shidda ina wanga aiki, ba a taɓa manna mani takarda ba. Tunda an manna, za mu bi ta. Ga waya nan hannunka. Can bakin rijiya sabis ya fi kamawa."

Lahadi, 12:50 na rana

Ina zaune kan benci ina kallon ƙofar. Katako ne mai kauri, kwaɗon kuma sabo. Ta taga ina hango ƙaramar fitilar sabar tana ƙyaftawa.

Na tsara jawabi biyu a bayan wannan littafi. Na farko ya ce an sami tangarɗar daidaita bayanai. Na biyu ya ce an gano wata dama ta farfaɗo da abin da wuta ta lalata. Na biyun zai yi aiki. Dakta za ta ba da izini, za ta ma gode mini. Sai dai gobe ƙarfe bakwai Madam Marta na nan, kuma ko babu ita, akwai mutanen da aka duba a makonni biyun nan bisa fayil ɗin da ba nasu ba. Wannan ban rubuta shi a nan ba sai yanzu. Tun Alhamis na san shi.

Malam Mas'udu ya aje mini kwanon fura a gefe. Ya tafi alwala.

Lahadi, 1:58 na rana

Na kira Dakta ƙarfe ɗaya da minti talatin da biyar, daga bakin rijiya. Sau biyu layin na yankewa.

Na fara da jawabi na biyu. Na kai tsakiya ta ce, "Abdulaziz, kana ina?" Na ce Bungudu. Ta ce, "Aje manyan kalmomin nan. Me ka yi?"

Na faɗa mata. Bai kai minti ɗaya ba. Ban san gajere ne haka ba.

Ta ce, "Ranar Juma'a ka dube ni ka ce wuta ce."

Na ce eh.

"Ka san wanda ya rage cikin ginin Tsafe, ka ɗauki wutar ka rufe kanka da ita."

Ta ce in ba Malam Mas'udu wayar. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Ranki ya daɗe. Awo. Awo. To." Ya ciro makulli, ya yi tafiyarsa ta kullum, ba sauri, ya buɗe.

Na dakatar da aikin sharewa saura minti goma sha ɗaya. Sai a karo na uku na buga kalmar sirri daidai.

Lahadi, 5:15 na yamma

Kwafi na farko ya ƙi buɗewa, ya tsaya a kashi sittin. Na biyu haka. Duk na ranakun da aka kashe sabar tana tsakiyar aiki ne. Malam Mas'udu na tsaye bayana, ya ce, "Wanga laifina ne?" Na ce firjin ma na da haƙƙi. Ban san daga ina amsar ta fito ba.

Na uku ya buɗe.

Hafsatu Lawali, bayan tasha. Hafsatu Lawali, matar Sani mai keke. Hafsatu Lawali, Bilbis. A ƙarƙashin ta ukun, da jan rubutu, da irin gajarta kalmomin Kabiru: kada a ba ta seftiriyazon, ta kusa tafiya.

Na koma bakin rijiya na karanta wa Dakta. Ta ce in maimaita. Na maimaita harafi-harafi. Na ji tana buɗe takarda.

Ta ce, "Penisilin na zarga. Na cire shi, na rubuta wannan a madadinsa. Yana cikin tiren aikin gobe."

Sannan ta ce kada in kama hanya da yamma, in kwana gidan Malam Mas'udu, in zo da kwafin a faifai biyu.

Litinin, 9 ga Satumba, 11:40 na safe

Namiji. Uwa da ɗa lafiya. Madam Marta ce ta faɗa mini, tana rubutu, ba ta ɗago ba.

Talata, 10 ga Satumba, 4:20 na yamma

A taron safe Dakta ta sa na tsaya gaban ma'aikata goma sha huɗu na faɗi abin da na faɗa mata a waya, da kalmomin da na faɗa mata. Babu wanda ya zage ni. Da an zage ni da ya fi sauƙi.

Ba ta kore ni ba, ba ta kuma ce na tsira ba. Ta ce za a yi wannan maganar idan an gama aikin da ke gaba. Na mayar da tsofaffin fayilolin Tsafe, dubu ɗaya da tamanin, kowa a gurbinsa. Amma daga 26 ga Agusta zuwa 5 ga Satumba an duba mutum talatin da bakwai bisa haɗaɗɗen fayil. An ba wasu magani, an hana wasu. Dole a nemo kowannensu, a tambaye shi abin da aka ba shi, a ce ya dawo ko ya daina sha. Madam Marta ke fitar da sunaye, ni ke kira.

Ta gyara mini yadda nake magana sau biyu. Ta ce, "Ba 'muna gudanar da bitar bayanai' ba. Ka ce daga asibiti ne, mun yi kuskure, wane magani kike sha."

Alhamis, 12 ga Satumba, 5:30 na yamma

Na sami talatin da huɗu. Biyu an canja musu magani, sun zo jiya. Wani tsoho ya yi mini addu'a mai tsawo saboda asibiti ya tuna da shi, na rasa yadda zan katse shi.

Saura uku. Biyu 'yan'uwansu sun yi alkawarin kai saƙo ranar kasuwa.

Ta ƙarshe Nana Aisha Bello ce, daga wani ƙauye bayan Bilbis. Ranar 28 ga Agusta an ba ta ƙwayoyin ciwon sukari na wata guda. Mai ciwon sukarin wata Nana Aisha Bello ce dabam. Lambar mijinta ba ta shiga. Madam Marta ta ce mutanen ƙauyen sun tashi tun makon jiya, ba a san inda suka nufa ba.

Na kira sau goma sha tara yau. Zan sake bayan Magariba.